Yadda Sabon Ɗalibi Zai Zauna da Gindinsa a Alƙahira

Ɗalibanmu ba baƙi ba ne a Alƙahira. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ domin ta zama masaukin ɗalibansu da mahajjatansu, kuma a masallacin Azhar an daɗe da keɓe wa mutanen Barno nasu zauren. Duk da wannan tsohuwar alaƙa, kowane sabon zuwa daga tushe yake farawa, kuma abin da ya fi kayar da ɗalibi a shekararsa ta farko ba wahalar Nahawu ko Fiƙihu ba ce. Takardar zama ce da aka bari ta mutu, da gidan haya da aka kama cikin gaggawa, da kuɗin wata uku da suka ƙare a wata guda, da harshen titi da ba a koya ba. Waɗannan abubuwa suna da jeri, domin wani ba ya yiwuwa sai an gama wani, kuma da wannan jerin na tsara bayanin. Na fi karkata ga ɗaliban Jami'ar Azhar saboda su ne mafi yawa a cikinmu, amma mai zuwa Jami'ar Alƙahira ko Ainu Shams zai tarar mafi yawan bayanin ya shafe shi.

Mataki na farko: shirin da ake yi tun a gida

Ka tabbatar an tantance takardun karatunka na asali a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje, sannan ofishin jakadancin Masar ya buga musu hatimi, domin takardar da ba ta bi wannan hanya ba sai an sake mayar da ita gida, kuma wannan kaɗai yana iya cinye zangon karatu guda. Ka riƙe katin allurar shawara a jakar hannu tare da fasfo, saboda ana iya tambayarsa a filin jirgi daga duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a wayarka da imel ɗinka, ka kuma bar kwafi a hannun wani na gida da ka amince da shi.

Game da kaya kuwa, kada ka cika akwati da abin da Masar ta fi mu arha, kamar littattafai da bargo da kayan girki. Ka ba da wurin ga kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure su sosai yadda ƙanshinsu ba zai kama tufafi ba. Wanda ya fito daga Najeriya ya sani cewa soket ɗin wutar Masar mai baki biyu ne zagayayyu, don haka caja mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da mahaɗi. Abu mafi muhimmanci shi ne kada ka hau jirgi sai ka san sunan wanda zai tarye ka, da lambarsa, da adireshin inda za ka kwana a rubuce da Larabci.

Mataki na biyu: makon farko

Layin waya shi ne farkon abin nema. Kamfanonin su ne Vodafone da Orange da Etisalat (wanda yanzu ake kira e&) da WE, kuma da fasfo ake sayen layi a ofishinsu. Kada ka karɓi layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ko da kyauta ne, domin duk abin da aka aikata da shi a baya kai za a tarar da shi a hannu, kuma idan ya ɓata ba ka da ikon dawo da shi. Ka kuma sani cewa tun daga farkon 2025 wayar da aka shigo da ita daga waje tana aiki da layin Masar na ƙayyadadden lokaci ne kawai kafin a nemi kuɗin kwastan a kanta, saboda haka ka bincika matsayin wayarka da wuri, kada ka wayi gari ta daina kama sabis.

Daga nan sai ka gabatar da kanka ga ƙungiyar ɗaliban ƙasarka, ka kuma yi rajista a ofishin jakadancinku; na Najeriya yana unguwar Zamalek. Wasu suna ganin wannan ɓata lokaci ne, sai ranar da fasfo ya ɓata ko rashin lafiya mai tsanani ta zo sannan su gane amfaninsa. A cikin tsofaffin ɗalibai ka nemi mutum ɗaya mai natsuwa wanda karatunsa yake tafiya daidai, ka riƙe shi jagora. Ba duk wanda ya daɗe a gari ne ya cancanci a bi shawararsa ba, kuma hanyar ganewa ita ce ka duba shekarar da ya zo da ajin da yake ciki yanzu.

Mataki na uku: rajista da iƙama

A nan ya kamata ka fi zuba haƙuri. Sabon ɗalibin Azhar yakan bi ta gwajin jini, da jarrabawar tantance matakinsa a Larabci, wadda ake kira tahadidul mustawa, kuma sakamakonta ne zai nuna ko zai wuce kai tsaye ko sai ya zauna a cibiyar koyon harshe tukuna. Idan an ce ka zauna, kada ka ɗauke shi ƙasƙanci, domin watannin da za ka yi a can sun fi maka sauƙi a kan shekarar da za ka maimaita a kwaleji saboda ba ka iya rubuta amsa da Larabci mai kyau ba.

Bizar da ka shigo da ita gajera ce, kuma takardar zama, wato iƙama, ita ce ke halatta maka zama a ƙasar. Ba a samunta sai da takardar shaidar kai ɗalibi ne daga makarantarka, wadda ɗalibai ke kira tasdiƙ, tare da fasfo da kwafinsa, da kwafin shafin biza da na hatimin shigowa, da hotuna masu farin bango. Babban ofishin shige da fice yana Abbasiyya tun 2019, lokacin da aka ɗauke shi daga ginin Mugamma na dandalin Tahrir, sai dai ka tambayi ofishin ɗaliban waje na makarantarka inda ake karɓar takardun ɗalibanta, don kada ka kwana a layin da ba naka ba. Ofisoshin gwamnati suna aiki ne daga Lahadi zuwa Alhamis, kuma wanda ya isa da sassafe ne yake samun lamba.

Za a ce maka ka dawo gobe sau da yawa. Kada ka ɗaga murya a kan ma'aikaci, domin fushi ba ya motsa takarda a can, amma gaisuwa mai kyau da nacin dawowa suna motsa ta. Duk rasit da aka ba ka ka adana shi, musamman wanda ke nuna ka miƙa takardunka kana jira, saboda shi ne hujjarka idan jami'in tsaro ya tsayar da kai kafin katin ya fito. Ranar da ka karɓi iƙama, ka rubuta ranar ƙarewarta inda za ka riƙa gani, ka fara shirin sabuntawa tun saura wata biyu, domin tasdiƙ ɗin ma sai an jira shi. Wanda ya bari ta mutu zai biya tara, kuma yana iya fuskantar tsarewa ko kora. Kada ka miƙa fasfonka ga wani mai cewa yana da hanya a ciki, kuma ka sani cewa iƙamar karatu ba izinin aiki ba ce.

Mataki na huɗu: masauki

Wanda ya sami gurbi a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban waje na Azhar da ke Abbasiyya, ya huta da biyan haya da neman abinci, sai dai ya bi dokokin shiga da fita. Sauran ɗalibai sukan haɗu su kama gida, galibi a Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir da unguwannin da ke kusa da ita, ko a Darrasa ga masu son kusanci da masallacin Azhar da zaurukan karatunsa. Shawarata ita ce ka zauna da 'yan'uwa na ɗan lokaci kafin ka ɗaure kanka da haya, har ka san inda ajinku yake da yadda cunkoson hanya yake da safe, domin gida mai arha da zai ci maka awa biyu kullum a mota ba arha ba ne.

Idan ka tashi kamawa, mutum uku za ka yi hulɗa da su: dillali, wanda suke kira simsar, da mai gida, da mai gadin bene, wato bawwab. Ka yi ciniki a kan ladan dillali kafin ya nuna maka gida, ba bayan ka nuna kana so ba. Kada ka ba da ko sisi sai an rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, da kuɗin wata, da tsawon zama, da adadin kuɗin ajiya da ake kira ta'amin da sharaɗin mayar da shi, kuma ka karɓi kwafin katin shaidar mai gidan. Ka kunna kowane famfo, ka gwada na'urar dafa ruwan wanka, ka duba ko ruwa yana hawa benen da rana, ka tabbatar babu tsohon bashin wuta ko gas, sannan ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a lalace a gaban mai gidan. Gidaje da yawa mitar kati suke amfani da ita, don haka ka koyi inda ake sa mata kuɗi tun kafin wuta ta ɗauke muku da tsakar dare. Bawwab kuwa ka mutunta shi, ka biya shi haƙƙinsa na wata a kan lokaci, domin shi ya san kowa a layin kuma shi zai nemo maka mai gyaran famfo ko mai sayar da tukunyar gas.

Da abokan zama, ku zauna tun ranar farko ku yanke yadda za a raba haya da wuta da cefane, da wanda zai yi girki a kowace rana, da lokacin da za a kashe hira, da tsawon kwanakin da baƙo zai iya yi. Jin nauyi yakan hana mu faɗin waɗannan da farko, alhali kusan duk rigimar gidajen ɗalibai daga nan take tasowa.

Mataki na biyar: kuɗi

Kuɗin ƙasar shi ne fam, wanda mutanen gari ke kira gine. A watan Maris na 2024 gwamnati ta saki farashinsa, dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50, kuma farashin kaya da haya ya bi sahu, saboda haka lissafin da wani ya ba ka na shekarun baya ba abin dogaro ba ne. Canjin kuɗi a bayan fage laifi ne a dokar Masar. Ka canja a banki ko shagon canji mai lasisi, ka riƙe rasit, domin tun 2023 ana iya neman shaidar canjin banki wajen biyan kuɗin iƙama. A watan farko ka rubuta duk abin da ka kashe, har kuɗin mota da burodi, daga nan ne za ka san ainihin abin da za ka faɗa wa iyaye. Da zarar kuɗi sun shigo ka fara cire haya da na takardu, ka ware wani abu na rashin lafiya wanda ba a taɓawa. Aiken gida yakan makara, kuma mai gida ba ya jiran uzuri.

Mataki na shida: harshe da hanya

Ɗalibin da ya haddace Alfiyya, littafin Nahawu mai baiti dubu, yana iya tsayawa a gaban mai kayan miya ya kasa gane farashi, domin Larabcin littafi daban, na titin Alƙahira daban. Suna furta jimun kamar "ga", suna mayar da ƙaf hamza, kuma malaman jami'a da kansu sukan juya zuwa wannan karin a tsakiyar lacca, wanda ya sa koyonsa ya zama wani ɓangare na karatun. Ka fara da abin da za ka buƙata kullum: "bikam" wajen tambayar farashi, "fen" wajen tambayar wuri, "lau samaht" wajen neman alfarma, da ƙirga daga ɗaya zuwa dubu yadda suke faɗa. Ka riƙa zuwa cefane da kanka maimakon aiken wanda ya riga ka zuwa, ka zaɓi shago ɗaya ka saba da mai shi. Wanda ya tsare kansa a cikin Hausawa zalla yana iya shekara huɗu bai iya ba, kuma wannan asara ce babba ga wanda ya bar gida domin Larabci.

Jirgin ƙasa na metro shi ne mafi tabbas wajen lokaci. Layi na farko yana tafiya daga Helwan zuwa Marg, na biyu daga Shubra zuwa Munib ta Giza, na uku kuma yana bi ta Abbasiyya da Ataba, kuma a kowane jirgi akwai taragun da aka keɓe wa mata, waɗanda namiji ba ya shiga. Ƙananan motocin haya sun fi shiga unguwanni. Ana miƙa kuɗi hannu zuwa hannu har ya isa ga direba, kuma idan za ka sauka sai ka ce "ala gamb ya usɗa", wato direba ya tsaya a gefe. Idan dare ya yi ko kana da kaya, motar manhaja kamar Uber ta fi kwanciyar hankali saboda farashi a bayyane yake. Matambayi ba ya ɓata, amma ka tambayi mutum biyu, domin Bamisire yakan ji nauyin ce maka bai sani ba.

Mataki na bakwai: ciki da jiki

Abincin gari mai arha shi ne ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (mai kama da ƙosai) da koshari (haɗin shinkafa da taliya) da gurasar da suke kira aish baladi, kuma gara ka saba da su da wuri maimakon dogaro da abincin gida da ake sayarwa da tsada. Za ka yi mamakin yawan abin da ka sani a kasuwarsu: mulukiyya lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, kuma a shagon mai kayan ƙanshi za ka sami tsamiya da goruba. Shinkafar Masar gajera ce mai danƙo, tana yin tuwo yadda ake so. Ruwan famfo yana da ƙanshin sinadari, shi ya sa gidaje da yawa suke sa matata, kuma ya fi arha ku haɗa kuɗi ku saya a kan sayen ruwan gora kullum.

Sanyin Disamba zuwa Fabrairu ya fi na hunturunmu shiga jiki, domin da dare yakan sauka zuwa kusan digiri 10 kuma gidajen ba su da abin ɗumama ɗaki. Ka sayi bargo mai kauri da rigar sanyi tun a Nuwamba. Kada ka taɓa kunna gawayi ko murhun gas domin ɗumi a ɗaki rufe, kuma idan na'urar dafa ruwan wanka ta gas ce, a bar tagar banɗaki a buɗe, saboda hayaƙinta ba ya wari amma yana kisa. Da bazara akwai iskar ƙura da suke kira khamasin, da rani kuma zafi yakan haura digiri 35.

Akwai wani abu da ya kamata kowane ɗalibinmu ya riƙe. A Oktoban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, saboda haka likita a can ba shi ne zai fara kawowa a ransa ba. Idan zazzaɓi ya kama ka a makonnin farko da zuwanka, ko bayan dawowa daga hutu, ka faɗa wa likita ƙasar da ka fito, ka nemi a yi maka gwajin maleriya. Asibitocin Husain da Sayyid Galal na Jami'ar Azhar ne, lambar motar asibiti 123 ce, ta 'yan sanda kuma 122.

Mataki na takwas: karatun da ya kawo ka

A kwalejoji da yawa na Azhar babu mai bin ka da sanda don ka shiga aji, kuma wannan sakewar ita ce tarkon. Jarrabawa tana zuwa ne a ƙarshen kowane zango, wajen Janairu da kuma Mayu zuwa Yuni, daga littafin da malami ya ƙayyade, wato muƙarrar, kuma wanda ya faɗi fiye da darasi biyu yakan maimaita shekara. Ka sayi littattafan da zarar sun fito, ka raba shafukansu a kan makonni, ka riƙa rubuta amsa da hannunka da Larabci, domin fahimta a ka daban take da iya zuba ta a takarda. Haddar Alƙur'ani ma ana jarraba ta, don haka ka ba ta lokacinta bayan Asuba.

Zaurukan masallacin Azhar da majalisun malamai na Darrasa suna karantar da littattafai daga farko zuwa ƙarshe, galibi kyauta, kuma wannan ni'ima ce da bai kamata a bari ba. Sai dai ka zaɓi darasi biyu ko uku ka lazimce su, ya fi maka yawo tsakanin goma. Shagunan littattafai suna bayan masallacin, tsofaffin littattafai suna Azbakiyya kusa da Ataba, kuma baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara a 1969, yana ci a ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, lokacin da ya dace ka tara kuɗi dominsa.

Mataki na tara: zama da mutane

Za ka ga ana salla da wasu siffofi da suka saɓa wa abin da ka taso a kai, domin mazhabobi huɗu duka ana karantar da su kuma ana aiki da su. Ka tambaya ka koya kafin ka yi hukunci. Ka nisanci siyasar ƙasar, a baki da kuma a Facebook, kada ka tsaya kallon taro ko rigima, kada kuma ka ɗauki hoton ofishin 'yan sanda ko wurin soja. Gaskiya ce cewa a titi wani lokaci za a jefe ka da kalma a kan launin fatarka, kuma abin yana da ciwo. Ka wuce ba tare da ramawa ba, amma idan ya kai ga taɓa jiki ko barazana ka sanar da shugabannin ɗalibai da ofishin jakadanci. Kada wannan ya rufe maka ido ga maƙwabtan kirki, waɗanda za su aiko maka da abinci a Ramadan ba tare da ka roƙa ba. 'Yan'uwa mata su riƙa fita bibbiyu a farkon zuwa, su kama gida a bene mai iyalai da bawwab, kuma kada su yi shiru idan wani ya takura musu.

Kewar gida takan tsananta ne bayan ɗokin zuwa ya wuce, da kuma ranar Salla. Ka tsayar da rana ɗaya a mako ta kiran iyaye, kana tuna cewa agogon Masar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya a lokacin sanyi, da awa biyu daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Idan ka ga barci ya ƙaurace maka, ko ka daina fita aji, ko abinci ya fita ranka na makonni, ka faɗa wa jagoranka ko likita, domin wannan ciwo ne da ake magani. Idan kuma hutu ya zo kana son zuwa gida, kafin ka sayi tikiti ka duba cewa iƙamarka da fasfonka za su kai ranar dawowarka da rai, ka biya hayar watannin da ba ka nan, ka kuma bar wa wani amintacce kwafin takardunka domin ya duba maka sakamako idan ya fito.